Fuskar da Na Yi wa Yaya Nomau

Da sunan Allah wanda ya ƙagi fuskoki bai maimaita ko ɗaya ba, ya raba ƙasashe da koguna, ya sa wa kowace tafiya iyaka. Ku matso kusa, ku masu son labarin nesa, don muryata ba ta kai inda take kaiwa a da. Ni ne Tunau masassaƙi, mutumin Tamawa ta gindin Dutsen Baƙin Ƙarfe. Na ƙetare ruwan da ba ya nuna inuwa, na ratsa ciyawar da ta shanye raƙumi da mahayinsa, na zauna a birnin da ba a ganin fatar goshin kowa. Ban tafi neman dukiya ba, ban kuwa dawo da ita ba. Fuska na tafi nema, ba ma tawa ba, ta wana.

Gidanmu gidan maƙera ne tun kaka da kakanni. Wana Nomau shi ya gaji ubanmu, ya iya narka tama, ya iya ƙira. Ni kuwa tun ina yaro hannuna ya ƙi guduma. Gawayin maƙera nake ɗiba ina zana fuskokin masu kawo gyaran fartanya a jikin bango. Da na girma na kama gizago, ina sassaƙa turmi da akushi don abin kai wa baka, in lokacin bikin maƙera ya zo kuma in sassaƙa fuskokin itace da samari ke ɗaurawa su yi rawa. Fuskar aro muke ce musu.

Wata shekara bayan kaka ana narka tama a bayan gari, sai tanderun ya tsage ta gefen da Yaya yake tsaye. Bai mutu ba, idanunsa ma Allah ya tsare su. Amma da ya warke, fatar fuskar ta haɗe ta ɗaure kamar fatar ganga, leɓen sama ya janye haƙora suna waje, gira babu, hanci saura rabi.

Yana da 'ya guda, Yalwa, lokacin ko famfara ba ta yi ba. Ranar da aka kwance masa tsumma ta shigo ɗakin da gudu kamar yadda ta saba, ta dube shi, ta ƙwalla ƙara, ta shige bayan randa. Da ya yi magana don ta gane muryarsa sai kukan ya ƙaru.

Matarsa Gaje ta ce, "Ka ƙyale ta, maigida. Yarinya ce, za ta saba."

Bai ƙyale ba. Ya naɗe fuskarsa da rawani, in zai ci abinci ya juya wa mutane baya. Wata rana ya same ni a inuwar da nake aiki ya ce, "Tunau, kai da kake yi wa samari fuskar wasa, yi mini tawa."

Na sari itacen gurjiya mai taushi, na zauna na sassaƙa wana kamar yadda nake tuna shi. Innarmu ta duba ta ce goshin ya yi faɗi. Na rage. Gaje ta ce bakin ba nasa ba ne, nasa yakan karkata in zai yi dariya. Na gyara. Abokansa suka ce idanun sun yi sanyi, Nomau ya fi haka zafi. Ashe kowa da Nomau ɗin da ya sani. Da dai na gama ya ɗaura, aka kira Yalwa. Ta ji muryar ubanta tana fitowa daga itacen da ba ya motsi, ta ruga maƙwabta, sai da aka yi da gaske ta yarda ta dawo gida.

A cikin wannan hali wani bafatake ya sauka a zaurenmu, ya ba mu labarin Zarangu, wani birni can gabas inda ake yin fuskar aro mai motsi, wadda in mai ita ya yi murmushi ta yi, in ya ɗaure ta ɗaure. Tun daga ranar Yaya bai ƙara zancen komai ba.

Na ce, "Yaya, shi kansa mai labarin bai taɓa zuwa ba."

Ya ce, "Kai ne mai hannun, ni ne mai buƙatar. In ba za ka ba, in tafi ni kaɗai."

Gaje ta raka mu har bakin zaure. Ta ce, "Ni dai ban ce ka canja komai ba." Yaya ya rataya jaka, na ɗauki gizagona da gawayi da fuskar gurjiyar nan, muka kama hanya.

Muka yi ta tafiya har takalmanmu suka cinye muka sake wasu. Damina ta same mu a hanya, ta wuce ta bar mu a hanya. Sannan muka iso Baƙin Tafki.

Ruwansa baƙi ne wuluk kamar na marina, in ka leƙa ba ka ganin komai, ko rana ba ta faɗawa cikinsa. Mutanen wurin a kan ruwan suke zaune, gidajensu bisa turaku, ba su san madubi ba. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinsu. Abin da matarka ko uwarka ta gaya maka game da kamanninka, shi ke nan abin da ka sani.

Ba mu da abin ba mai fito, sai na ce ya zauna in zana shi a jikin fatar akuya. Da na miƙa masa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A ina ka san ubana? Ya rasu tun kafin ka zo." Na ce ai shi ne. Ya juya ga 'yan'uwansa, suka ce wallahi shi ne. Mutumin ya zauna a gindin kwalekwalensa yana shafa hancinsa kamar yau aka ba shi.

Kafin la'asar labari ya gama tafkin. Sarkinsu, wani ƙaton mutum mai suna Makau, ya sa aka sauke mu a gidansa, aka ɗauke kwalekwalen da ke kusa, aka ce in zana kowa. Na yi ta zane har yatsuna suka ƙage. Daga nan fitina ta tashi. Wani da matarsa ta yi shekaru tana ce masa kyakkyawa ya ga haƙoransa, ya je ya tayar mata da hankali. Wata da aka raina tun tana ƙarama ta gano ta fi masu raina ta kyau, ta daina gaishe su. Mafi muni, wani saurayi ya ɗauki zanensa ya bi gida gida yana gwadawa, har ya tsaya a gaban wani mutum wanda ba ubansa ba, ya ga kamarsu ɗaya sak. Kowa a garin ya daɗe da sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Aka zub da jini a kan wannan.

Dattawa suka yanke a ɗaura mini dutse a jefa ni ruwa. Yaya ya ce mini a hankali, "Sarkin nan kullum yana leƙen hannunka, amma bai ce ka zana shi ba. Tsoro yake ji, yana kuma so."

Da aka kai ni gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, fuskar sarki ba ta shiga fatar akuya. Ga farin dutse can a gaɓar gabas. A kai ni in zana ka a jikinsa yadda duk tafkin zai gani, sannan a yi mini abin da aka yanke."

Sarki ya yarda. Aka kai mu gaɓar da dogarai. Na hau kafaɗar Yaya, na hau tsani, na zana wata babbar fuska, na ba ta goshin wannan, hancin wancan, idon mai fito, haɓar sarki. Da na sauko suka taru a gindin dutsen suna ɗaga kai, ba su ga komai ba sai baƙaƙen layuka. Na ce, "Sai daga nesa ake ganinta. Ku koma tsakiyar ruwa." Sarki ya faɗa kwalekwale, jama'a suka bi, dogaran ma suka dubi juna suka bi. Mu kuwa muka zaga bayan dutse muka miƙe. Mun yi nisa muna jiyo hayaniyarsu bisa ruwa, kowa na rantsuwa shi aka zana.

Daga nan muka haɗu da ayarin wani madugu da ake kira Shekarau, masu kai kanwa gabas. A gabansu akwai Filin Gamba, inda ciyawa ta kere raƙumi, hanya kuwa siririya ce, sai a jere ake bin ta. Madugu ya ce a cikinta akwai damisa mai girman bajimin sa, kuma duk ayarin da ya ratsa sai ta ɗauki na ƙarshen layi.

Ya ce, "Ba ta taɓa wanda yake kallonta. Ta ƙeya take zuwa. Shi ya sa na baya yakan yi tafiya da baya da baya, in ya gaji a canja shi. To gajiyar ce ke kashe mu. Mutum ya yi tuntuɓe, ya juya don ya tashi, shi ke nan."

Na ce ya tara mini ƙoren da ke cikin ayarin. Na zauna na zana wa kowace manyan idanu da farar ƙasa da gawayi, na huda gefe na sa igiya, kowa ya ɗaura tasa a ƙeya. Ƙwarya ba ta kai ga Yaya ba, sai ya ciro fuskar gurjiyar da na sassaƙa masa a gida ya ɗaura ta a baya. Ya ce, "Bari ta yi ta kallon inda muka fito."

Muka shiga. Ba mu ganta ba, amma muna ganin ciyawa tana kwantawa a gefenmu, yanzu ta dama, an jima ta hagu. Ta bi mu wuni da wuni tana neman ƙeya ba ta samu ba. Dabbobi suka rame don tsoro, mu ma haka. Rannan da rana tsaka sai ga ta kwance a tsakiyar hanya, ta gaji da zagaye ta fito fili. Yaya ne a gaba yana jan akalar raƙumin madugu. Ba wurin kaucewa, ba wurin juyawa.

Sai na ga ya sa hannu ya warware rawaninsa. Ya matsa taku guda, ya tsaya yana kallonta da wannan fuska tasa. Ta ɗaga kai. Suka daɗe a haka. Can ta kwantar da kunnuwa, ta ja da baya, ta shige ciyawa, ba mu ƙara jin motsinta ba.

Mutanen ayari suka yi ta sa masa albarka. Amma da muka fita filin aka sauke kaya aka zuba tuwo, sai na lura kowa ya ja akushinsa ya ba shi baya. Yaya ya mayar da rawaninsa. Ya ce, "Ka gani, Tunau. Har dabba."

Na tura masa nawa tuwon, shi ma bai ci ba.

Ba zan gajiyar da ku da sauran hanyar ba, ta gajiyar da ni ya isa. Mun dai iso Zarangu, birni mai ganuwa ja, furfura ta fara fito mini a gemu.

A birnin nan duk wanda ya balaga sai a manna masa fuskar sana'arsa. Alƙalai fuskarsu ɗaya, mahauta ɗaya, masu ɗaukar gawa ɗaya. Ka shiga kasuwa ka ga mutum ɗaya yana sayar da gishiri a rumfuna da yawa, sai ya yi magana ka ji muryoyin sun bambanta. Da murya da tafiya mace ke gane mijinta. Ana yin fuskokin da ƙaron wata bishiya da ba ta fita sai cikin ganuwarsu. In an manna, sai ƙaron ya kama fata a hankali ya zama ɗaya da ita, ya riƙa motsi da ita. Abu guda ne maƙiyinsa, wuta. In ya ji zafinta sai ya narke kamar kakin zuma, ba ya kuma gyaruwa. Don haka maƙeran birnin da masu tuya su kaɗai ne ke yawo da fuskar da aka haife su da ita, a wata unguwa can gefe.

Shugabar masu yin fuskoki wata tsohuwa ce, Inna Marka. Fuskarta sumul kamar ta budurwa, wuyanta da hannuwanta duk tamoji. Na durƙusa na gaya mata abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Ɗan nan, mu ba ma yin fuskar mutum. Fuskar aiki muke yi. Kuma wanda ya koyi sarrafa ƙaro ba ya fita ganuwar nan sai a makara."

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Koya tukuna. Fita kuma Allah na nan."

Na shiga bauta. Na yi shekaru ina kwaɓa yumɓu, sannan aka bar ni in tace ƙaro, sannan in zuba shi, sannan in haɗa launin fata. Baƙo ba a manna masa fuska, don haka ni kaɗai ke yawo a gidan da tawa, kowa ya san ni. Yaya kuwa ya kama aiki a unguwar maƙera. Can ba mai ɗaura rawani saboda zafi, kuma kusan kowa da tabonsa. Wata rana na je na tarar da shi fuska a buɗe, yana dukan ƙarfe yana tsokanar mai zuga, har yana dariya. Rabona da jin dariyarsa tun Tamawa.

Na ce, "Yaya, nan fa ka sami wuri."

Ya ajiye guduma ya ce, "Ba don kaina na zo ba. Yarinyar nan tana can."

A ɓoye nake gina fuskarsa da yumɓu a bayan ɗakin ajiya. Abin ya ba ni wuya fiye da na farko, don na daɗe ina kallon ƙunar har ta rufe mini ta da. In na gina sai ta koma ubanmu, in na rushe na sake sai ta koma ni. Da ƙyar na kamo shi, ta wajen bakin nan da Gaje ta ce yana karkata. Ina cikin shafa ta Inna Marka ta shigo. Na zaci tawa ta ƙare. Ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Wannan wane aiki take yi?"

Na ce, "Ba ta aikin komai, Inna. Wana ne."

Ta zauna a kan turmi, ta taɓa kuncinta. Ta ce tun tana yarinya aka manna mata wannan, ta manta abin da ke ƙasa. Ta ce, "Kai da ka iya, dubi wuyana, dubi hannuna, ka ji muryata. Zana mini yadda da zan zama."

Na ɗauko fatar akuya na zana mata wata tsohuwa mai zurfin ido da tsukakken baki, irin wadda ta saba ba da umarni. Ta riƙe fatar ta daɗe. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta naɗe ta sa a zaninta, ta ce, "Ƙaron da ke tulun ƙarshe ya fi kyau. Ni ban ga komai ba. Ƙofa kuwa ba ruwana."

Na zuba fuskar Yaya, ta fito kamar za ta yi magana. Na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma na sa a ƙwarya. Saura fita.

Tunda sai a makara ake fita, na ce to a makara zan fita. Masu ɗaukar gawa ba a tsayar da su a ƙofar yamma, sai dai a buɗe likkafani a ga wanda ya mutu. Na sassaƙa mutum da itacen rimi daidai tsawona, na gina masa fuskata, na kai wa Yaya ya gani.

Ya duba ya ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Ni ne mana."

Ya ce, "Wannan yaron ya daɗe da mutuwa, Tunau. Tun wajen Baƙin Tafki. Kawo yumɓun."

Ya zaunar da ni a gabansa. Da manyan yatsunsa na maƙeri ya lotsa kumatu, ya ja layuka daga hanci zuwa baki, ya zurfafa ƙasan ido, ya janye gashi daga goshi. Yana yi yana kallona. Da ya gama na ga wani tsoho gajiyayye wanda ban sani ba. Yaya ya ce, "Ni na mayar da kai haka." Na ce masa hanya ce.

Na yi mana fuskokin masu ɗaukar gawa guda biyu. In an shafa man shanu kafin a manna, ƙaro ba ya kama fata, ba ya kuma motsi, amma ba mai sa ran fuskar mai ɗaukar gawa ta motsa. Da hantsi muka ɗauki makara, ƙwaryar fuskar Yaya tana ɓoye a ƙafafun gawar. Mai tsaron ƙofa ya ɗaga likkafani ya ce wa ɗan'uwansa, "Baƙon nan ne na gidan Inna Marka. Allah ya jiƙansa, ya sha wahala." Ina tsaye ina ji, na ce amin a zuciyata. Muka wuce maƙabarta, muka ajiye makara a gindin wata kanya, muka ɓare fuskokin muka yi yamma.

Komawa ta fi zuwa tsawo, don mun zagaye tafkin ta kudu, gwiwoyinmu kuma ba na da ba ne. A bakin rafin Tamawa Yaya ya ce in buɗe ƙwarya.

Na ce, "In ta kama, kai da maƙera har abada."

Ya ce, "Na sha wuta ta ishe ni. Manna."

Na manna. Muka zauna a ƙauyen da ke kusa har ta kama. Ranar da ya yi murmushi bakin ya karkata, sai da na kau da kai.

Muka shiga gari. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Gaje na nan a ɗakinta, ba ta sake aure ba, kanta fari fat, haƙoran gaba sun zube. Ta dubi saurayin da ke tsaye a kan jikin tsoho, ta gane shi sarai, sai ta ja mayafi ta rufe tata fuskar. Ta ce, "Ka dawo yaro, maigida. Ni kuwa ga ni."

Aka aika wa Yalwa. Tana auren wani maƙeri a unguwar gabas, da 'ya'yanta har sun tasa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon maƙwabci. Sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Baffa, shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Yalwa. Haka yake kafin wuta."

Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Ban tuna shi ba ko kaɗan. Wanda na tuna mai ƙuna ne. Na ji tsoronsa, gaskiya ne, ina yarinya. Da tsoron ya wuce na tambayi inda yake, aka ce ya tafi saboda na yi kuka. Da wannan na girma. Duk baƙon da ya shigo gari da rawani a fuska sai na bi shi in gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Yaya ya sunkuyar da kai, fuskar da na yi masa ta yi abin da ya kamata, ta yamutse, hawaye ya bi ta kanta ya sauka.

Bayan kwana biyu na ce masa, "Yaya, maƙera na nan kusa. Ka zauna gabanta ɗan lokaci, magana ta ƙare."

Ya ce, "In narkar da ƙuruciyarka? Ba ka yi aure ba, ba ka haifa ba, ita ke nan abin da ka samu. Zan riƙe ta."

Ya kuwa riƙe ta. Ya zauna a zaure yana sayar da fartanyar da wasu suka ƙera, in ya jiyo guduma daga nesa yatsunsa su riƙa motsi a kan gwiwa. Ba ya shiga madafa, ba ya zama inda ake gasa masara. Yara suka laƙaba masa Saurayi. Yalwa takan aiko da abinci, daga baya ta riƙa kawowa da kanta, ta zauna su yi hira tana kallon hannuwansa. Gaje ta saba, amma har ta rasu ba ta daina gyara mayafi in ya shigo ba. Ni kuwa na koma turmi da akushi. Samari suka zo neman fuskar biki na ce su nemi wani.

Lokacin ɗari shi ya fi ba shi wuya. A shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, wata safiya na shiga na tarar yana makyarkyata cikin barguna, Yalwa na zaune gefensa. Kaskon wuta yana can bakin ƙofa inda aka saba ajiye shi, nesa da shi.

Ya ce, "Tunau, ina jin sanyi."

Na ce, "In ƙaro bargo?"

Ya ce, "A'a." Ya dubi kaskon, ya dube ni. Ya ce, "Za ka ji haushi?"

Na ce, "Yaya, na gaji da ganinta ni ma."

Yalwa ce ta tashi ta jawo kaskon har gaban shimfiɗarsa, ta ƙara gawayi, ta fifita. Ya miƙa hannuwa, sannan ya sunkuya ya kai fuska. Ɗakin ya cika da ƙanshin ƙaro. Goshin ne ya fara sheƙi, sannan kumatu suka saki, bakin da na sha wahala a kansa ya zame ya gangara cikin gemu. Yalwa ta jiƙa tsumma tana share masa a hankali, tana matsewa a ƙwarya, har ta kai ga fata. Ƙunar na nan yadda take, sai dai ita ma ta tsufa.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Ya ce, "Yauwa." Ya lumshe ido ya ce, "Ƙara gawayi."

Bai mutu a ranar ba. Ya ɗan sami sauƙi, ya sa aka riƙa ɗaukarsa zuwa maƙerar surukinsa, ya jingina da bango kusa da wuta yana yi masa faɗa a kan riƙon guduma. Haka ya yi ta yi har zafi ya shigo. Kafin ruwan farko ya sauka muka kai shi makwancinsa.

Nan tafiyata ta tsaya, nan labarina ya tsaya. Wanda ya ji ya ƙaru, Allah ya amfana masa, wanda ya ji ya gaji, ya yi haƙuri, ni ma na gaji. Wani ya kama hannuna in tashi.